Na'urar da ke gane tsuntsu daga kukansa: tambayoyin mutanen Kumasi da amsoshinsu

Duk wanda ya taɓa tsayawa a gindin bishiya da sassafe, ya ɗaga waya sama yana jiran ta faɗa masa sunan tsuntsun da ke kuka, ya san ba ya rasa 'yan kallo, ba ya kuma rasa masu tambaya. Waɗannan su ne tambayoyin da aka fi yi mini a Aboabo da Asawase da Tafo, wasu daga ɗalibai, wasu daga iyayenmu dattawa, wasu kuma daga masu kiwon kanari da tattabaru. Na tara su wuri guda domin wanda yake son farawa ya fara da idonsa a buɗe.

Wai wace irin na'ura ce wannan?

Abu biyu ne aka haɗa: kunne da ƙwaƙwalwa. Kunnen shi ne makirufo mai ɗaukar sauti, ko na wayarka ko na wata 'yar na'ura da ake ɗaurewa a jikin bishiya a bar ta kwana da kwanaki tana saurare. Ƙwaƙwalwar ita ce manhajar da aka horar da fasahar ƙirƙirarriyar basira, wato AI, ta hanyar jiyar da ita dubban koke-koken tsuntsayen da mutane suka riga suka tantance.

Manhajoji biyu ne suka fi shahara, kuma duka kyauta ne. Akwai Merlin, ta cibiyar nazarin tsuntsaye ta Jami'ar Cornell da ke Amurka, wadda ta fito a 2014 aka ƙara mata sashen gane kuka a 2021. Akwai kuma BirdNET, aikin haɗin gwiwar Cornell ɗin da Jami'ar Fasaha ta Chemnitz a Jamus. Cikin na'urorin da ake dasawa a daji, wadda masu ƙaramin ƙarfi suka fi riƙewa ita ce AudioMoth, da wasu masu bincike na jami'o'in Southampton da Oxford a Ingila suka ƙirƙiro. Ba ta cika tafin hannu ba.

Ta yaya take gane kukan?

Ba da kunne take ganewa ba, da ido ne, idan za a iya kiran sa haka. Tana mayar da sautin ya zama zane: daga hagu zuwa dama lokaci ne, daga ƙasa zuwa sama kaurin murya ne zuwa sirantarta. Kukan ragon maza, wannan "hu-hu-hu-hu" mai gangarowa da ake ji daga cikin ciyayi bayan ruwa ya ɗauke, yana fitowa a can ƙasan zanen, ɗigo-ɗigo a jere. Fiton shirwa mai karkarwa yana fitowa a sama, siririn layi mai rawa. Kukan hankaka kuwa ɓaɓɓake ne mai kauri. Manhajar ta ga irin waɗannan zane-zane ba adadi, kowanne da sunan mai shi, har ta koyi bambance su.

BirdNET tana yanka sautin gunduwa-gunduwa, kowace sakan 3, ta duba su ɗaya bayan ɗaya. Sauti na awa guda ke nan gunduwa 1,200 ne. Bayan haka sai ta duba inda kake da makon da ake ciki, ta tace sunayen da ba su da dalilin kasancewa a wurin. Shi ya sa kunna GPS yake da muhimmanci. Wanda ya bar shi a kashe, to ya shirya ganin sunan tsuntsun Kanada a Sawaba.

Malam, ke nan yanzu an kai ga jin maganar tsuntsaye irin ta Annabi Sulaiman?

A'a, Baba, ko kusa. Abin da Allah Ya ba Annabi Sulaiman, alaihis salam, kamar yadda ya zo a Suratun Namli, sanin zancen tsuntsaye ne, har ya yi magana da alhudahuda ya aike shi. Wannan mu'ujiza ce. Na'urar ba ta san abin da tsuntsun yake nufi ba. Iyakarta ta ce wannan muryar ta yi kama da ta wane. Ko kiran mace yake yi, ko gargaɗin maciji, ko korar abokin hamayya daga shekarsa, wannan sai mutumin da ya zauna ya lura.

Wayata ta isa, ko sai na sayi na'ura ta musamman?

Ta isa, kuma da ita nake ba kowa shawarar ya fara. Mai koyo yana bukatar ya ji kukan, ya ga sunan, ya ɗaga kai ya nemi tsuntsun a lokaci guda, kuma waya ce ke ba da wannan. Na'urar dasawa amfaninta daban ne: tana zama inda ba za ka iya kwana ba, ta ɗauki kukan mujiya da tsakar dare da na asubar fari, sannan ka kwaso katin ka zuba a kwamfuta, manhajar BirdNET-Analyzer ta bi ta kansa. AudioMoth tana kaiwa wajen dala 100 kafin kuɗin jigila da na kwastan. Irin su Song Meter na kamfanin Wildlife Acoustics kuwa ɗaruruwan daloli ne. Idan aka juya wannan zuwa sidi, ba abin da ɗalibi ɗaya zai ɗauka ba ne, sai dai makaranta ko ƙungiyar matasa ta yi karo-karo.

Tana cin data?

Merlin sau ɗaya za ka sauke ta da kundin tsuntsayen yankinmu, daga nan tana aiki ko babu sabis. Ka nemi wurin da ke da Wi-Fi domin kundin yana da nauyi. Manhajar BirdNET ta waya ita kuma tana tura guntun sautin ta intanet ne a duba a dawo maka da amsa, saboda haka a tsakiyar daji sai dai ka adana, in ka fito titi ka tura.

Gaskiya tsakani da Allah, ta san tsuntsayen Kumasi?

Ta san wasu, ta jahilci wasu, kuma ba kullum take faɗa maka cewa ta jahilta ba. Wannan ita ce amsar da nake so kowa ya riƙe ko da ya manta sauran.

An ƙidaya tsuntsaye sama da nau'i 750 a Ghana. Lokacin da Merlin ta fara gane kuka a 2021, nau'i 458 ta sani, dukansu na Amurka da Kanada. BirdNET ta fara da 984 na Arewacin Amurka da Turai, daga baya aka faɗaɗa ta ta wuce 6,000 a duniya. Amma shigar suna cikin jeri daban, ƙwarewa a kansa daban. Manhajar tana koyo ne daga manyan rumbunan sauti biyu, xeno-canto da aka kafa a ƙasar Holan a 2005 da kuma Macaulay Library na Cornell, kuma abin da mutane suka ɗora a ciki shi kaɗai take da shi. Tsuntsun lambun Jamus yana da dubban rikodin, an ɗauke shi da safe da yamma, da ruwa da iska, yaro da babba. Wani tsuntsun kurmin Asante kuwa 'yan ƙalilan gare shi, watakila ma a Kamaru ko Gabon aka ɗauko su.

Sakamakon haka, manhajar takan yi abin da baƙon da ya sauka Kejetia karon farko yake yi: duk fuskar da ya gani sai ya kamanta ta da wani da ya sani a garinsu. Ta ji muryar da ba ta sani ba, sai ta miƙo maka sunan wanda ya fi kusa a cikin waɗanda ta sani, sau da yawa ɗan Turai. Abin da ke ƙara rikita lamarin shi ne wasu tsuntsayen Turai ɗin da gaske suna zuwa nan. Daga wajen Oktoba zuwa Afrilu ƙananan tsuntsaye masu ƙaura suna ƙetaro Sahara su yi hunturu a ƙasar nan, don haka ba za ka ce duk sunan Bature ƙarya ne ba. Sai ka duba wata, ka duba wurin, ka sake saurare.

Sannan kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, kuma wannan ba karin magana ba ne kawai a wurin masana. Nau'i ɗaya yakan sauya salon waƙa daga yanki zuwa yanki. Manhajar da aka horar da muryar 'yan uwansa na Kenya ko Afirka ta Kudu za ta iya yin tuntuɓe a kan na Ejisu. Ga kuma masu kwaikwayo. Aku kowa ya san halinsa, amma akwai wani ɗan tsuntsu mai jan ƙirji da farin kai da Turawa ke kira snowy-crowned robin-chat, wanda yakan zauna a cikin duhuwa ya jero koke-koken wasu tsuntsaye ɗaya bayan ɗaya. Shi kaɗai zai iya cika maka fuskar waya da sunaye.

Inda ta fi abin dogaro shi ne tsuntsayen gari masu yawa da faɗin yaɗuwa a Afirka: kurciya, hankaka, bulbul ɗin nan da ke fara tashin unguwa, ragon maza. Da zarar ka shiga kurmi sosai, sai ka rage yarda ka ƙara kunne.

Lambar da ke fitowa a gefen suna a BirdNET, kamar 0.82, me take nufi?

Ma'aunin yadda zanen ya dace da abin da ta koya ne, daga 0 zuwa 1. Kada ka karanta shi da cewa kashi 82 cikin ɗari gaskiya ne. Ga wani nau'in 0.5 ma daidai ne kusan kullum, ga wani kuma 0.9 yakan fito alhali gyare ne yake kuka. Masu bincike na gaskiya sukan zaɓi wasu gunduwoyi na kowane nau'i su saurara da kunnensu kafin su yanke inda za su ja layi. Kai ma ka yi haka. Idan sunan baƙo ne, kada ka rubuta shi a matsayin ka same shi sai ka gan shi ko wani masani ya ji sautin ya tabbatar. Gani ya kori ji.

Da wannan hayaniyar ta zango, za ta ji wani abu kuwa?

Za ta ji, amma da asara. Ƙugin trotro da pragya da janareto da injin niƙa duk a ƙasan zanen suke taruwa, daidai inda kurciya da ragon maza da mujiya suke, sai su binne su. Masu siririyar murya sun fi tsira. BirdNET ta san wasu daga cikin waɗannan sautuka, tana iya rubuta inji ko kare ko jiniya ko muryar mutum, sai dai sanin nasu ba ya dawo da kukan da suka danne.

Dabarar ita ce zaɓen lokaci. Tsakanin sallame sallar asuba da fitowar motocin haya akwai ɗan sarari mai kyau, bayan lasifikokin masallatai sun yi shiru. Ranar Asabar a Kumasi ranar jana'iza ce, kiɗa daga hantsi har dare, Lahadi kuma ta coci-coci ce, don haka safiyar tsakiyar mako ta fi. Ka juya wa titi baya, jikinka ya zama garkuwa ga makirufo. Ka tsaya cak, domin ƙarar silifas a kan tsakuwa da shafar yatsa a jikin waya sun fi kowane tsuntsu ƙarfi a kunnenta. In dumso, wato ɗaukewar wutar lantarki, ya zo da asuba kafin a tayar da janareto, ka fito da sauri, ba ka samun shiru irin wannan a cikin gari.

Wane lokaci ne tsuntsaye suka fi kuka?

Daga kusan rabin awa kafin hudowar rana zuwa awa biyu bayanta. A nan rana tana fitowa wajen ƙarfe 6 duk shekara, don haka jadawalin ba ya wahalar riƙewa. A shekara kuma farkon damina ne, Maris zuwa Mayu, lokacin da da yawansu ke neman aure da gina sheƙa. Hunturu ya fi shiru, amma shi ne lokacin baƙi masu ƙaura da kuma shirwa. Ranar da ake ruwa ka huta, ɗigon ruwa a kan ganye yana cika zanen baki ɗaya.

Ina zan je a kusa da Kumasi?

Ka fara da bishiyar mangwaron ƙofar gidanku, har sai ka san mazaunanta ba tare da duba waya ba. Daga nan lambun tsirrai na jami'ar KNUST, wanda mota ɗaya za ta kai ka.

Wanda ya shirya fita gari, Owabi na nan arewa maso yamma, daji ne da ya kewaye madatsar ruwan da aka gina a 1928 don shayar da Kumasi. Yana cikin wuraren dausayi da yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayin duniya ta amince da su tun 1988, kuma shi kaɗai ne irinsa a Ghana da ba a bakin teku yake ba. An rubuta tsuntsaye kimanin nau'i 160 a can, na ruwa da na kurmi. Bobiri kuma ta hanyar Accra take, a ratse daga Kubease. An fi saninta da malam-buɗe-littafi, amma masu kallon tsuntsaye daga ƙasashen waje ba sa tsallake ta saboda cilakowa iri-iri da sauran tsuntsayen saman kurmi. A irin wannan wuri ne amfanin sauti yake bayyana, domin bishiyoyin dogaye ne, ganye ya rufe, abin da za ka ji ya ninka abin da za ka gani.

Shiga da waya a hannu ba matsala bayan ka biya kuɗin ƙofa. Amma barin na'ura ta kwana sai da izini: Owabi tana ƙarƙashin sashen kula da namun daji na Hukumar Gandun Daji, Bobiri kuma cibiyar binciken gandun daji ta FORIG da ke Fumesua tana da hannu a kula da ita.

Yaya ake dasa ta, kuma kwana nawa take yi?

AudioMoth batir uku take ci, irin na AA, da ƙaramin katin memori. Ana saita ta a kwamfuta tukuna, a gaya mata ƙarfe nawa za ta farka, ƙarfe nawa za ta kwanta. Sauti mai inganci na awa guda yana cin wajen megabait 345. Idan ka ba ta awa uku da safe da awa biyu da magariba, kati mai gigabait 32 zai kai ka kusan kwana 18. Ka sayi batir na kirki, na bakin titi masu arha sukan mutu a kwana na biyu ka dawo ka tarar da kati fayau.

Wanda ba shi da akwatinta na roba yakan saka ta a leda mai zif, ya jefa 'yar jakar nan mai tsotse laima da ake samu a kwalin sabon takalmi, ya ɗaure a jikin siririyar bishiya daidai tsayin kai, ramin makirufo yana kallon fili. Ka guji bakin rafi mai gudu, ka guji reshen da ganyensa zai riƙa shafar ledar, ka duba ko hanyar tururuwa ce.

Abu mafi muhimmanci ba na fasaha ba ne. Ƙulli a cikin leda, ɗaure a jikin bishiya a gonar koko, da ɗan haske yana ƙyaftawa, kowa ya san abin da za a ɗauke shi a ƙasar nan. Ka je ka gai da mai gonar da mai garin, ka buɗe ledar a gabansu, ka jiyar da su abin da take ɗauka. In ba haka ba za a ce asiri ne, a ƙona ta, kuma ba za ka ga laifin kowa ba.

Ba za ta naɗi hirar mutane ba?

Za ta naɗa. Makirufo ba ya zaɓe. Shi ya sa ba na goyon bayan a dasa ta a tsakar gidan haya ko kusa da tagar wani ko inda mata ke taruwa ɗiban ruwa ba tare da sanin su ba. Addini ya hana bin diddigin sirrin mutane, ƙasa ma tana da dokar kare bayanan jama'a tun 2012. Duk gunduwar da muryar mutum ta shiga, ka goge ta kafin ka ɗora komai a intanet.

Akwai tsuntsun da ba za ta taɓa kamawa ba?

Akwai, duk wanda ba ya yawan buɗe baki. Ungulu ce babban misali. Iyayenmu suna ba da labarin yadda take rufe rufin mayanka da kasuwanni, yau sai ka yi sati ba ka ga ko ɗaya ba, kuma tun 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta saka irin tamu ta cikin gari a jerin waɗanda ke dab da ƙarewa. Na'urar sauti ba za ta gaya maka wannan ba, sai mai ƙirga da ido. Haka balbela in tana kiwo. Haka tsuntsun nan mai sanƙon kai rawaya, picathartes, da aka sake ganowa a Ghana a 2003 bayan an daɗe ana zaton ya ɓace, wanda baƙi ke zuwa ƙauyen Bonkro domin shi. Kusan bebe ne.

Ba ta kuma iya ƙirga kai. In ta rubuta kurciya sau 300, mai yiwuwa guda ɗaya ce ta wuni a reshen da ke saman ta.

Wannan ba zai taimaki masu kama tsuntsaye ba?

Zai iya, kuma abin yana damuna. Wani binciken da aka wallafa a 2016 ya nuna Ghana ta rasa kashi 90 zuwa 99 cikin ɗari na akunta tun daga 1992, saboda kamu don sayarwa da kuma sare manyan bishiyoyin da yake sheƙa a kogonsu. Wanda ya ji aku a wani daji ya yi shelar wurin a Facebook, ya yi wa mai tarko jagora. Rumbun xeno-canto da kansa yana hana sauke kukan wasu nau'o'in da ake farauta da shi, eBird ma, manhajar Cornell da masu kallon tsuntsaye ke rubuta abin da suka gani a cikinta, tana ɓoye takamaiman wurin irin waɗannan. In ka samu abu mai daraja, ka sanar da jami'an namun daji ko Ghana Wildlife Society, ka bar shi a nan.

Haka kuma kunna wa tsuntsu kukan ɗan uwansa a lasifika don ya fito. Yana fitowa ne domin ya zaci kishiya ta shigo masa gida, ya bar ƙwai ya bar kiwo. Ni ba na yi a lokacin sheƙa, kuma ba na koya wa yara.

To mu mutanen zango, me za mu ƙara a wannan aiki?

Abin da ya fi ƙaranci a cikinsa: sautin nan gida, da kunnen da ya san shi. Cornell takan nemi rikodi 100 ko fiye na nau'i ɗaya kafin ta koya wa Merlin shi, kuma da yawa daga tsuntsayenmu ba su kai ba. Mu kuwa muna da al'ummar da ke farke tun kafin tsuntsu ya fara, kowace rana ta Allah. Muna da mahauta, da masu kai shanu kiwo bayan gari, da direbobin da ke bin hanyar Tamale da Bawku, da tsofaffin maharba waɗanda daga kuka ɗaya za su ce maka fakara ce ko zabon daji. Sunayen da manhajar ke nunawa na Turanci ne da na kimiyya, don haka duk lokacin da dattijo ya faɗi sunan Hausa ko na Tuwi ko na Dagbani, ka rubuta shi a gefen rikodin ɗin tare da garin da ya fito.

Ga yadda ake ɗaukar wanda zai yi amfani. Ka saita wayar ta adana a tsarin WAV, kada ka yi amfani da saƙon murya na WhatsApp, domin yana matse sautin ya zubar da siraran muryoyi. Ka matsa kusa gwargwadon yadda tsuntsun zai jure, ka ɗauki aƙalla sakan 30, in ya ci gaba ka bar shi ya kai minti guda. A ƙarshe ka faɗi kwanan wata da lokaci da wurin da bakinka, da ko ka ga tsuntsun da ido. Sannan ka ɗora a eBird, wanda ke zuba sautukansa cikin Macaulay Library, ko a xeno-canto. Wanda ba ka san mai shi ba ma kada ka goge, xeno-canto tana da sashen da ake ɗora kukan da ba a gane ba, masana daga ƙasashe daban-daban su saurara su faɗi ra'ayinsu. Kuma kada ka raina na kowa da kowa: kukan marai a bishiyar kwakwar bayan masallaci da na tsattsewa a ƙarƙashin gadar Asafo duk ana bukatarsu, da hayaniyar garin a bayansu, domin a cikin irin wannan hayaniyar ce za a nemi manhajar ta gane su gobe.